Sarkin Yaƙin Nosawa a Kan Saksonawa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Karatu da Mai Rubutu

Wannan shafi na masu sha'awar labarin wani sarkin yaƙi ne daga ƙasashen Nosawa, wato Denmak da Norwe da Suwidin na yau, wanda ya ƙetare teku ya ci wani yanki na Ingila, ya zauna yana mulkin Saksonawa. Ko karanta irin labarin kake yi, ko shirin rubuta naka, tambayoyin kusan ɗaya ne. Domin sauƙin magana na ƙirƙiri mutum ɗaya na sa masa suna Ketil. Babu shi a tarihi. Sauran sunaye da shekarun da ke ƙasa duk na gaske ne, kuma a kansu ya kamata Ketil ya tsaya. A ganina cin gari da yaƙi shi ne aiki mafi sauƙi a rayuwar irin wannan mutum. Naman labarin yana cikin abin da ya biyo bayan an mayar da takobi kube.

Da gaske Nosawa sun taɓa mulkin Saksonawa, ko ƙage ne kawai?

Gaskiya ne, har sau biyu. Da farko hari kawai suke kawowa su kwashi ganima su koma. Wanda ya fi shahara shi ne na gidan zuhudun tsibirin Lindisfarne a 793. Abin ya canja a 865, lokacin da wata babbar runduna ta sauka a Angiliya ta Gabas ba da niyyar komawa ba. A 866 ta kama birnin Yok. A 867 sarakunan Nortambiriya biyu, Osbert da Ella, waɗanda da ma rigimar sarauta suke da juna, suka haɗa kai don ƙwato birnin, aka kashe su duka. A 869 aka kashe Edmund, sarkin Angiliya ta Gabas. A 874 aka kori Burgred na Mersiya, ya tafi Rum ya mutu a can. Cikin manyan masarautu huɗu, Wesseks kaɗai ta rage a tsaye, a hannun Sarki Alfred. Daga nan gabas da arewacin Ingila suka shiga hannun Nosawa na shekaru da dama, Yok kuwa ba ta rabu da sarakunansu kwata-kwata ba sai 954.

Karo na biyu ya fi girma, domin duk ƙasar aka ci. Swen, sarkin Denmak, ya karɓi Ingila a 1013, ɗansa Kanut ya yi mulki daga 1016 zuwa 1035, 'ya'yan Kanut biyu suka riƙe har 1042.

Su wane ne Saksonawan ma tukuna?

Akwai Saksonawan da suka zauna a arewacin Jamus, waɗanda Sarki Shalman na tsohuwar Faransa ya yi ta yaƙa daga 772 zuwa 804 har ya murƙushe su. Akwai kuma waɗanda kakanninsu suka ƙetara zuwa Birtaniya tun ƙarni na 5, tare da Angilawa da wasu ƙabilu. Labaran irin na Ketil da na biyun suke. Sai dai a lura, ainihin ƙasashen Saksonawa su ne Wesseks da Sasseks da Esseks a kudu. Mutanen Nortambiriya da Mersiya da Angiliya ta Gabas, inda Nosawa suka fi kafuwa, zuriyar Angilawa ne. A yau ana jam'insu da suna ɗaya don sauƙi, ni ma haka zan yi. Amma manomin Yok na wancan zamani da wuya ya kira kansa Basaksone, kuma bai ɗauki mutanen Wesseks 'yan uwan da za su zo cetonsa ba. Baƙi ne su ma a idonsa.

A wane zamani ya fi dacewa a ajiye Ketil?

Ni da za a bar mini zaɓi, tsakanin 877 da 917 zan sa shi, a gabashin Mersiya. A wannan lokaci yankin ba shi da sarki ɗaya. Rundunoni ne suka kafu a garuruwa masu ganuwa, kowace da shugabanninta, kuma biyar daga cikin garuruwan nan suka yi suna daga baya: Derby, Leicester, Lincoln, Nottingham da Stamford. Rubuce-rubucen zamanin ba su ajiye sunayen mafi yawan shugabannin ba, saboda haka marubuci yana da fili ya saka nasa ba tare da ya ture wani na gaske daga kujerarsa ba. Wanda ya fi son makircin fada sai ya koma zamanin Kanut, inda Ketil zai zama ɗaya daga cikin hakiman da aka raba wa ƙasa bayan 1016.

Yaya mutum zai mulki jama'ar da ta fi mayaƙansa yawa nesa ba kusa ba?

Nan ne wurin da labarai da yawa suke tuntuɓe. Sai a nuna an ci yaƙi, an ɗaga tuta, shi ke nan kowa ya durƙusa. Nosawan gaske ba su yi wa kansu wannan ruɗu ba. Dabararsu ta farko ita ce su naɗa ɗan ƙasa ya riƙe musu. A Nortambiriya sun ɗora wani mai suna Egbert bayan 867. A Mersiya sun ɗora Ceolwulf a 874, ya yi musu rantsuwa, ya ba da mutane jingina, a kan cewa duk ranar da suka buƙaci ƙasar zai miƙa musu. Duk wanda ya karanta yadda Turawa suka yi da masarautunmu bayan 1903 zai gane dabarar: mai ƙarfi yana baya, fuskar da talaka ya sani tana gaba, haraji yana tafiya.

Littafin tarihin da aka rubuta a fadar Wesseks ya kira Ceolwulf wawan bafade. Amma a 2015 an tono wata dukiya da aka binne kusa da Watlington, cikinta akwai sulallan azurfa na Alfred da na Ceolwulf masu zane iri ɗaya, mutum biyu zaune kafaɗa da kafaɗa. Ashe akwai lokacin da Alfred ya ɗauke shi sarki ɗan uwansa. Irin Ceolwulf, mutumin da ke tsakanin wuta biyu, ya cancanci babban matsayi a labarin Ketil.

Mataki na biyu shi ne rabon ƙasa. A 876 Halfdan, ɗaya daga cikin shugabannin babbar rundunar, ya raba wa mutanensa ƙasar Nortambiriya, suka kama noma don ciyar da kansu. A 877 aka raba Mersiya, a 880 aka raba Angiliya ta Gabas. Abin da aka fi ƙwacewa shi ne manyan gandaye na sarakuna da fadawa da majami'u. Manomi kuwa ana bukatarsa a gonarsa, domin ba wanda zai ci azurfa idan hunturu ya shigo. Abin da ya canja masa shi ne wanda yake kai wa hatsi da giya da zuma da dabbobi. Don haka Ketil ba zai iya rabuwa da wakilin tsohon ubangidan gandun ba, wanda ya san gonar wane ta fi yabanya, wane ne ke ɓoye shanu a daji, wane ƙauye ne bai biya na bara ba. Ranar da Ketil ya gane cewa ba shi da ido sai na wannan mutum, ranar mulkinsa ya fara.

Da me yake riƙe mayaƙansa?

Da kyauta. Mayaƙin Banoshe ba soja ne mai albashi ba. Ya bi shugaba ne saboda shugaban yana da sa'a kuma hannunsa a buɗe yake. Ana zama a babban zaure a ci a sha, shugaba ya ciro awarwaron azurfa ya miƙa wa wanda ya yi bajinta, maroƙi ya tashi ya wasa shi da waƙa. Azurfar awo ake yi, ba ƙirge ba: a sare awarwaro ko sulalla gunduwa-gunduwa a ɗora a kan ƙaramin sikeli. A Torksey, inda rundunar ta yi hunturun 872 zuwa 873 a fili mai faɗin kusan hekta 55, an tsinci irin waɗannan gutsattsari da duwatsun awo da 'ya'yan dara na dalma. Sansanin kasuwa ne da maƙera da wurin caca gaba ɗaya.

Matsalar Ketil ita ce, zaman lafiya yana busar da ganima. Idan ya daina kai hari, matasan da suka biyo shi za su fara kallon wani shugaba. Idan ya matsa wa manoma don ya biya su, ƙasa za ta tashi. Babbar rundunar ma ba ta daɗe a dunƙule ba: bayan hunturun da ta yi a garin Repton ta rabu, Halfdan ya yi arewa, Gutrum da wasu sarakuna biyu suka nufi Kambirij. Sauya sheƙa kuma ba abin kunya ba ne sosai. A 1012 Torkel Dogo ya koma bayan Sarki Atelred na Ingila da jirage 45, daga baya kuma ya dawo wajen Kanut ya zama babban hakiminsa.

Dole ne ya bar addininsa ya zama Kirista?

Ba dole ba ne a shekarun farko, amma duk wanda ya daɗe a kan mulki can ya nufa. A Repton an tono kabarin wani mayaƙi da takobinsa da 'yar gudumar azurfa ta gunkinsu Tor a wuyansa, an binne shi dab da majami'a. Wannan shi ne halin waɗanda suka fara zuwa. Bayan Alfred ya ci Gutrum a Edington a 878, Gutrum ya zo da manyan mutanensa 30 aka yi musu baftisma a Aller. Alfred ne ya tsaya masa a matsayin uba, aka sa masa suna Atelstan, ya yi kwana 12 a wurin Alfred ana ba shi kyaututtuka. Da ya koma Angiliya ta Gabas, da sabon sunan ya buga kuɗinsa, har ya mutu a 890.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya biyo baya. Kafin ƙarnin ya ƙare, a ƙasar da Nosawa ke mulki, aka fara buga sulalla da sunan Waliyyi Edmund, wato sarkin da iyayensu suka kashe a 869. A Yok an buga wasu da sunan Waliyyi Bitrus, da zanen takobi, wasu ma har da gudumar Tor. A Gosforth, arewa maso yammacin Ingila, akwai dogon gicciyen dutse na ƙarni na 10 da aka sassaƙa wa labaran gumakan Nosawa tare da hoton gicciye Almasihu.

Dalilin a fili yake. Majami'a ce ke da masu karatu da rubutu, ita ke da filaye, ita talaka ke saurara. Jama'ar Waliyyi Cuthbert, waɗanda suka bar Lindisfarne a 875 suna yawo da gawar waliyyinsu shekara bakwai, sun goyi bayan naɗa wani Banoshe mai suna Gutfrit sarkin Yok wajen 883, shi kuma ya ba su ƙasa mai yawa. Wulfstan na farko, babban bishop na Yok, ya yi ta tafiya da sarakunan Nosawa har sarkin Ingila Edred ya kama shi ya tsare a 952. Wannan ba ya nufin majami'a ba ta ji jiki ba. Gidajen zuhudu da yawa sun mutu murus, littattafai sun salwanta, wasu kujerun bishop a gabas sun zauna babu kowa shekaru da yawa. Limamin da zai zauna a zauren Ketil yana rubuta masa wasiƙa zai iya kasancewa wanda aka ƙona wa gida, kuma bai manta ba.

Da wace shari'a ake hukunci?

Muna da takarda ta gaske a kan wannan: yarjejeniyar Alfred da Gutrum. Ta shata iyaka, a bi kogin Tems, a hau kogin Lea zuwa mafarinsa, a miƙe zuwa Bedford, a bi kogin Ouse har tsohuwar hanyar Rumawa ta Watling. Sannan ta daidaita diyya. Idan aka kashe mai daraja, Baingile ne ko Banoshe, kuɗin jininsa ɗaya ne. Manomin da ke zaune a gonar haya da 'yantaccen bawan Nosawa su ma an yi musu kuɗi ɗaya, sule 200. Ta kuma ce wanda zai ƙetara iyaka don ciniki sai an ba da jingina.

Mutanen biyu sun yi kama a shari'a fiye da yadda ake zato. Duka suna biyan diyya don kashe gabar jini, duka suna wanke kai da rantsuwar mutane masu mutunci, duka suna yanke hukunci a taron jama'a a fili. Wata doka ta Sarki Atelred, wajen 997, ta ce a yankin garuruwa biyar ɗin nan manya 12 ne za su fito su rantse ba za su tuhumi marar laifi ba, ba kuma za su rufa wa mai laifi asiri ba. Ketil da ke yanke kai yadda ya ga dama, ba taro ba shawara, ba zai kai shekara ba. Mutanensa ma ba za su yarda ba, domin kowane ɗa a cikinsu yana ganin yana da bakin magana.

Da wane harshe suke magana da juna?

Harsunan biyu dangi ne. Idan an yi a hankali, ana nuni da hannu, za a fahimci juna a kasuwa, ko da yake shari'a da yarjejeniya suna son tafinta. Shaidar cuɗanyar tana nan a taswira: ɗaruruwan garuruwa a gabas da arewa suna ƙarewa da "by", kamar Grimsby da Whitby da Derby, kuma wannan daga bakin Nosawa ya fito. Jikokin Ketil Ingilishin yankinsu za su yi, mai cike da kalmomin kakansu.

Kwalkwali mai ƙaho fa?

Babu shi. Masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa shi. Kwalkwalin zamanin da aka samu kusan cikakke, na Gjermundbu a Norwe wanda aka tono a 1943, ƙoƙon ƙarfe ne da abin kare idanu kamar tabarau. Yawancin mayaƙa ma ba su da shi. Mashi da garkuwar katako mai da'ira da gatari su ne kayan kowa. Takobi da sulke na masu hali ne, har gadonsu ake yi. Saksonawa ma kusan haka suke shiri, kuma ɓangarorin biyu a ƙasa suke yaƙi, a jera garkuwa a yi ta turereniya. Doki na tafiya ne: Nosawa sun karɓi dawaki a Angiliya ta Gabas tun shekararsu ta farko, abin da ya ba su damar bayyana inda ba a zata ba. Jirginsu kuwa, irin wanda aka tono a Gokstad a 1880 tsawonsa kusan mita 23 ne, da wurin matuƙa 32, kuma ba ya nitso sosai, shi ya sa yake shiga koguna.

Azzalumai ne kamar yadda ake nunawa?

Sun yi zalunci, bai kamata a wanke su ba. A 1012 wasu mayaƙa da suka bugu a Greenwich sun jefe Alfhe, babban bishop na Kantabari, da ƙasusuwa da kawunan shanu, wani ya ƙarasa shi da gatari, saboda ya hana a biya kuɗin fansarsa. A 1014 Kanut, tun yana saurayi, ya sauke mutanen da aka ba mahaifinsa jingina a Sandwich bayan ya sa an yanke musu hannuwa da kunnuwa da hanci. Kama bayi babbar sana'a ce, Dablin kuma babbar kasuwarsu.

Sai dai a tuna wanda ya riƙe alƙalami. 'Yan zuhudun da aka fi kai wa hari su ne suka rubuta tarihin. Sarakunan Saksonawa sun yi ta yaƙar juna tun kafin jirgin Banoshe na farko ya iso, suna da bayinsu, har ƙidayar 1086 ta nuna kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka lissafa bayi ne. Ranar 13 ga Nuwamba 1002 Atelred ya ba da umarnin a kashe mutanen Denmak da ke ƙasarsa. A Oksfod wasu suka fake a cikin majami'a, aka cinna mata wuta da su a ciki. Labarin da ya mayar da ɓangare ɗaya mala'iku, ɗayan shaiɗanu, ya yi wa matattun duka biyu ƙarya. Ita kuma azabar nan da ake yawan ambata, ta buɗe bayan mutum a zaro huhunsa, daga rubuce-rubucen da aka yi ɗaruruwan shekaru bayan abin ta fito, masana kuma suna jayayya ko an taɓa yin ta.

Ina matsayin mata a irin wannan labari?

Ba a gefe ba. Mutumin da ya fi kowa karya ikon irin su Ketil a Mersiya mace ce, Atelflad 'yar Alfred. Bayan mutuwar mijinta a 911 ta riƙe Mersiya da kanta, ta yi ta gina garuruwa masu ganuwa, ta ci Derby a 917, Leicester ta miƙa mata wuya ba yaƙi a 918, mutanen Yok ma sun yi mata alkawarin biyayya kafin ta rasu a Tamworth a wannan shekara. Emma 'yar Nomandi da ke arewacin Faransa ta auri Atelred, bayan mutuwarsa ta auri Kanut da ya ci ƙasarsa, ta haifa wa kowannensu ɗan da ya yi sarauta.

A ƙasa-ƙasa kuma, kayan adon mata irin na Nosawa da ake ta tsinta a gonakin gabashin Ingila sun nuna mata ma sun yi ƙaura, ba maza kaɗai ba. Ga Ketil, aure shi ne hanya mafi sauri ta halatta abin da ya ƙwace. Idan ya auri 'yar tsohon mai ƙasar, ɗansu zai gaji gandun ta ɓangare biyu. Abin da matar take ji, tana kwana da wanda ya kashe 'yan uwanta, tana kuma renon magajinsa, ya fi kowane fagen daga nauyi.

Akwai wata alaƙa da duniyar Musulmi?

Akwai, kuma a aljihun Ketil take. Azurfar da ta cika ƙasashen Nosawa, kaso mai yawa dirhami ne daga daular Abbasiyawa da ta Samaniyawa, wanda ya biyo kogunan Rasha ya hau arewa. A Cuerdale an tono dukiya a 1840, guda fiye da 8,600, nauyinta kusan kilo 40, an binne ta farkon ƙarni na 10, kuma akwai dirhami a ciki. Marubutan Larabawa sun san mutanen nan. A Andalus, inda suka kai wa Ishbiliya hari a 844, Majusawa ake ce musu. Ahmad ibn Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya gamu da 'yan kasuwar Rus, wato Nosawan gabas, a bakin kogin Bolga a 922, ya bayyana yadda suka ƙona gawar shugabansu a cikin jirgi. Saboda haka ba ƙari ba ne a nuna Ketil yana juya sulalla mai rubutun Larabci a tafin hannunsa, bai san abin da aka rubuta ba, nauyinta kawai ya dame shi.

Yaya garinsa zai kasance idan aka shiga?

Haƙar da aka yi a unguwar Coppergate ta Yok daga 1976 zuwa 1981 ta ba da amsa dalla-dalla, domin laimar ƙasar ta adana har katako da fata. Filaye ne 'yan siriri dogaye, kowanne bakinsa a titi, da shingen saƙar itace a tsakani. Gidajen na itace ne da jinka, murhu a tsakiya, hayaƙi ya cika ɗaki. A gaba shago, a baya ramin shara da masai kusa da rijiya, aladu da kaji suna kiwo a kai. Wani yana fafe kofunan katako, wani yana yanka mataji daga ƙahon barewa, wani yana ɗinkin takalmi, wani yana narka ƙarfe. A cikin wannan caɓi aka sami hular siliki ta mace, da safar ulu, da ƙwayar wuri daga yankin Bahar Maliya, da jabun dirhami mai kwaikwayon na Samarkand. Gari ne mai wari da hayaniya da kuɗi.

Wane sarki na gaske ne ya fi dacewa a yi koyi da shi?

Kanut. Ya ci Edmund ɗan Atelred a Assandun a Oktoban 1016, Edmund ya mutu a ƙarshen Nuwamba, ƙasa ta zama tasa. A 1017 ya raba ta huɗu, ya kawar da waɗanda yake tsoro, har da Edrik na Mersiya wanda cin amanarsa ya taimaka masa ya ci yaƙin. A 1018 ya tara haraji mai ban tsoro, fam 72,000 na azurfa, ban da 10,500 daga Landan, ya sallami yawancin rundunarsa, ya bar jirage 40. Daga nan ya juya ya zama sarkin Ingilawa sosai. Wulfstan na biyu, babban bishop na Yok, shi ya tsara masa dokoki a kan tushen na sarakunan da suka gabata. Ya ɗaukaka Baingile, Godwin, ya ba shi Wesseks. A 1023 ya sa aka mayar da gawar Alfhe Kantabari da girmamawa. A 1027 ya je Rum. Wanda ya yanke hancin mutane a Sandwich da wanda ya yi wa majami'u kyauta mutum ɗaya ne, kuma marubucin da ya iya riƙe su biyun a jiki ɗaya ya sami Ketil ɗinsa. Ɗansa Hartakanut bai koyi wannan ba: da mutanen Worcester suka kashe masu karɓar harajinsa biyu a 1041, sai ya aika aka ƙona garin.

Yaya mulkin irin Ketil yake ƙarewa?

Hanya uku tarihi ya nuna. Wasu sun mutu da takobi, kamar Erik, sarkin Nosawa na ƙarshe a Yok, wanda aka kora a 954 aka kashe shi a Stainmore. Wasu sun tattara sun bar ƙasar, kamar hakimi Turketil da ya miƙa wuya ga Edwad ɗan Alfred, bayan ɗan lokaci ya ƙetara ƙasar Faransawa da mutanensa. Mafi yawa kuwa sun yi mubaya'a an bar musu gonakinsu da al'adun shari'arsu, suka narke cikin jama'a. Oda, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a 941, ɗan mutumin Denmak ne. A Kirkdale da ke yankin Yok akwai dutsen agogon rana a kan ƙofar majami'a, da rubutun tsohon Ingilishi cewa Orm ɗan Gamal ya sayi wurin yana kango ya sake gina shi, tsakanin 1055 da 1065. Sunansa da na ubansa duk na Nosawa ne.

Wane irin suna zan ba mutanen labarina?

Ga maza Nosawa akwai Ulf, Orm, Grim, Gamal, Torkel, Sigurd, Halfdan. Ga mata akwai Gunhild, Astrid, Tora, Sigrid. Ba su da sunan dangi, da sunan uba ake kiran mutum, sau da yawa a ƙara laƙabi na kamanni ko hali, kamar Dogo da aka liƙa wa Torkel. Saksonawa kuwa sunayensu gaɓa biyu ne a haɗe, irin su Wulfric, Edwin, Godric, Leofric, mata kuma Edit da Godgifu, kuma gida ɗaya kan riƙe gaɓar farko ɗaya ga 'ya'yansa. A guji Wilyam da Robat da Henri, domin sai bayan 1066 suka bazu a Ingila tare da mutanen Nomandi.